Modibbo Adama, almajirin da ya zo da tuta ya sari garin Yola

 

Makon jiya bayan La'asar muna zaune a ƙofar masallaci, sai zance ya ɓarke kan wata 'yar hatsaniya da aka yi a kasuwa saboda rumfa. Maganar rumfar dai an sasanta ta tun a ranar. Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne kalmar da aka jefi ɗan'uwanmu da ita, wai ya tuna shi baƙo ne, baƙo kuwa raɓa. Mutumin nan fa a Mubi aka yanke masa cibiya, a nan kuma aka binne mahaifinsa. Yaranmu na Islamiyya suna gefe suna ji. Washegari ɗaya daga cikinsu ya tare malaminsu da tambayar ko mu ma wata rana za a ce mu tattara mu koma Kano ne. Shi ya sa kwamiti ya ce a wannan makon a ɗan jingine darasin zakkar dukiyar kasuwanci, a ba da tarihin mutumin da ƙasar nan ta ci sunansa, wato Modibbo Adama ɗan Hassana, domin a cikin tarihinsa ne za a ga yadda aka sari garuruwan nan, da wanda aka tarar, da wanda ya zo daga baya, da ta inda mu Hausawa muka shigo. Za mu faɗi mai daɗi, za mu faɗi wanda ba daɗi.

Mu fara da ƙasar ita kanta. Kafin a san wani abu wai shi Adamawa, ƙasar nan cike take da mutane. A bakin Binuwai akwai Bata da Bachama, a duwatsun kudu da Yola akwai Verre, gaba kuma Chamba, can kan tudun da ke Kamaru yau akwai Mbum. Nan arewa wajenmu akwai Gude, Fali, Njanyi, Kilba, Marghi da Higgi. Kowa da sarkinsa, da gonarsa, da maƙerarsa, da kasuwarsa. Fulani makiyaya sun riƙa gangarowa daga wajen Borno kaɗan-kaɗan suna bin ciyawa da ruwa, zuri'a-zuri'a, kowace ƙungiya da ardonta. Inda suka ga ƙasa ta karɓi shanunsu sai su nemi izinin sarkin wurin, su biya kuɗin kiyo, su kafa bukkoki. Irin wannan mazauni shi suke kira wuro, kalmar da har yau muke furtawa kullum in mun ce Wuro Patuji ko Wuro Gude ba tare da mun tsaya mun yi tunani a kanta ba. Ita kanta Mubi ta Fulani haka ta faro, wajen ƙarshen ƙarni na 18, a bakin kogin Yedzaram, a tsakiyar mutanen Gude da Fali, a lokacin kuma ƙasar tana ƙarƙashin inuwar sarkin Mandara. Zaman ya yi daɗi a wasu wurare har an yi auratayya. A wasu wuraren kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa: shanu su shiga gona, sarki ya ƙara haraji, a kwashe garke, a zubar da jini.

A cikin irin wannan zama aka haifi Adama wajen shekarar 1786 a Wuro Cekke. Mahaifinsa Hassana malami ne kuma ardo a cikin zuri'ar Ba'en, zuri'ar da ba ta kai Wolarɓe ko Yillaga yawan jama'a da dukiya ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A gaban mahaifinsa ya fara karatu, sa'annan aka tura shi Borno, wadda a wancan zamani ita ce matattarar masu neman Alƙur'ani da fiƙihu, ya zauna a gaban wani malami da ake kira Malam Kyari. Almajiri ne kamar 'ya'yan da ke zuwa ƙofar shagunanmu da allo, ya bar gida yana yaro, ya sha rana ya sha sanyi a ƙasar mutane. Da ya dawo, an riga an fara kiransa Modibbo, wato malam da Fulatanci. Ya kuma dawo ya tarar da baƙin labari: an kashe mahaifinsa wajen 1803 a wani faɗa tsakanin Fulani da Bata.

Ana cikin haka labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso. Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya tashi a ƙasar Hausa, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Ardo-ardon ƙasar nan suka taru suka ga ya kamata su ma su aika a gano musu abin da ake ciki. Aka haɗa tawaga, Adama yana ciki. Ruwayar da ta shahara a Yola ita ce, da Shehu ya zauna da su ya ji karatun kowa, sai ya ɗauki tuta ya miƙa wa Adama, ya naɗa shi shugaban jama'ar Fombina. Fombina da Fulatanci kudu ke nan, don in ka tsaya a Borno ko Sakkwato, ƙasar nan kudu take da kai. A 1809 Adama ya dawo da tutar.

To a nan fa matsalarsa ta fara, kuma ba ta rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Ku duba dai: saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ba shi da garke mai yawa, ba shi da runduna, danginsa ba su da yawa. Waɗanda aka ce su bi shi kuwa dattawa ne masu shanu da mayaƙa, wasunsu sun haife shi. Duk wanda ya taɓa riƙe shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwa ya san yadda ake ji in an ɗora yaro a kan masu jari. Abin da Adama yake da shi guda biyu ne, ilimi da tutar Shehu, kuma da su ya yi aiki. Dabararsa ita ce duk ardon da ya zo ya yi mubaya'a, sai ya ba shi tuta tasa, ya bar masa ƙasar da ya buɗe ya mulka, da sharaɗin ya amsa kira in an yi yaƙi, ya kuma aiko da gaisuwa. Ta haka Fombina ta zama tarin ƙananan masarautu, lamido-lamido wajen arba'in, kowanne da fadarsa. Shi kansa kuwa, abin da ake ruwaitowa shi ne bai so a kira shi Lamido ba, ya fi son a bar masa Modibbonsa. Har yau da wannan sunan duniya ta san shi.

Mazauninsa na farko Gurin ne, a bakin kogin Faro, cikin ƙaramar hukumar Fufore ta yanzu, inda Modibbo Hamman ya riga shi zama ya kuma karɓe shi. Ya yi kusan shekara ashirin a nan. Masallacin Gurin da karan dawa aka yi shi, aka kuma ɗauki zamani mai tsawo jama'a na taruwa da aikin gayya suna sabunta shi. Mu da muke ta kai-kawo kan kuɗin tayil da fanka, mu tuna cewa daga masallacin kara aka tafiyar da ƙasar da ta kama daga nan har cikin Kamaru.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafi garinmu kai tsaye, wato yaƙin Mandara. Ba da jimawa da karɓar tuta ba Adama ya nufi arewa da runduna, ya kai har Dulo, babban birnin Mandara, ya shige shi. Amma bai iya riƙe shi ba. Mayaƙansa suka shagala da ganima, mutanen Mandara suka sake shiri suka dawo, dole ya janye. Wannan yaƙi yana da nauyi a zuciya, don Mandara ƙasar Musulmi ce tun kafin a haifi Adama, sarkinta Musulmi ne. Irin wannan ne ya jawo doguwar muhawara ta wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno da Muhammadu Bello, kan ko ya halatta a ɗaga takobi a kan mai salla, Bello kuma ya kawo wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisuri. Manyan malamai ne suka yi wannan saɓani, ba mu za mu yanke musu hukunci a takardar Juma'a ba. Abin da ya tabbata shi ne, ko da Dulo ta kuɓuce, ƙasashen da ke gefen duwatsun sun fita daga hannun Mandara ɗaya bayan ɗaya. A 1823 rundunar Borno da Mandara da wasu Larabawa suka kai wa Fulani hari a Musfeya, aka fatattake su da kibau masu dafi. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Denham yana cikin tafiyar, da ƙyar ya tsira da ransa, ko rigar jikinsa bai tsira da ita ba. A cikin waɗannan shekaru na 1820 Mubi, Uba, Michika da Madagali suka tabbata a cikin Fombina.

Sai dai kada wani ya ɗauka an ci ƙasar duka. Ƙarfin Fulani doki ne, doki kuwa ba ya hawa dutse. Fili ya zama nasu, duwatsu suka zama na masu su. Mutanen da ba su yarda su bi ba suka haye sama, suka yi gonaki hawa-hawa da jeren duwatsu, irin waɗanda muke hangowa in mun doshi Gella ko Michika, irin kuma na Sukur da duniya ta sani yau. Bachama ba a taɓa cin su ba. Bata na dutsen Bagale, da ke kallon Yola ido da ido ta tsallaken kogi, sun gagari Adama har ya rasu, sai a zamanin ɗansa aka ci su.

Wajen 1831 Modibbo ya tashi daga Gurin ya koma Ribadu. Sunan daga ribaɗi ne, wato sansanin tsaron iyaka, irin waɗanda Sarkin Musulmi Bello ya yi ta kafawa a ƙasar Sakkwato yana kuma kwaɗaitar da Fulani su bar yawo su zauna, su yi noma, su koyi sana'a, su sa 'ya'yansu karatu. A 1839 ya sake tashi zuwa Joboliwo. A 1841 ya sari Yola. Mutum ya haura shekara hamsin, yana da mata da 'ya'ya da jikoki da almajirai, amma sau uku cikin shekara goma yana kwashe gida yana sake sabon gini. Wanda ya taɓa tashin shago daga layi zuwa layi ya san wannan ba wasa ba ne.

Me ya gani a Yola? Sunan ya fito daga kalmar Fulatanci yolde, wato ɗan tudu mai faɗi. Tudu ne a gefen fadamar Binuwai. Da damina ruwa ya malale fadamar ya zama kariya, da rani ya janye ya bar ciyawa ga shanu da dawaki da ƙasa mai kyau ga manomi. Duwatsun Verre suna baya. Daga nan kuma ana iya sa ido kan Bata da mashigan kogi, ana iya aika manzo arewa wajenmu ko kudu wajen tudun Mbum. Ba a kewaye garin da ganuwa irin ta Kano ko Zariya ba. Gari ne a buɗe, gidaje na bukkoki da danga, kowane gida da filinsa har ana shuka dawa a ciki. Aka fitar da filin masallaci da gidan Modibbo, manya suka kama wurare da jama'arsu, malamai suka kafa tsangayu, baƙi aka nuna musu gefensu. Haka ake sarar gari a wancan zamani, kuma kusan haka aka sari duk garuruwan da muke kai kaya yau.

A kudu kuwa abin ya yi nisa fiye da yadda Modibbo zai iya riƙewa da hannu. Ardo Njobdi ya kafa Ngaundere a ƙasar Mbum. Hamman Sambo ya tashi daga Chamba ya kai har Tibati. Buba Njidda ya kafu a Rai. Waɗannan mutane sun tara dukiya da mayaƙa fiye da na Yola, sai suka fara ganin me zai sa su bi ta hannun wani. Buba Njidda ya yi ta taurin kai har aka kai ga ɗaga makami. Hamman Sambo kuwa ya tsallake Yola ya nemi Sakkwato ta ba shi tuta tasa a zamanin Sarkin Musulmi Atiku, amma daga ƙarshe Sakkwato ta tabbatar wa Yola da shugabanci. Modibbo ya yi ta zirga-zirga zuwa Sakkwato a kan doki, tafiyar makonni, saboda ya san in igiyar da ta ɗaure shi da gidan Shehu ta tsinke, babu abin da zai riƙe waɗannan zakuna. A ganinmu wannan ne babban aikinsa, ya fi yaƙe-yaƙensa. A fagen fama an sha kora shi. Amma shekara talatin da takwas yana lallashi, yana aika wasiƙa, yana ƙulla aure, yana sasanta masu faɗa, har ƙasar ta tsaya da suna ɗaya.

To ina mu a cikin wannan labari? Mun shigo ta hanyar da muka saba shiga ko'ina, da jaki da kaya da allo. Sabon gari yana bukatar abin da makiyayi ba ya yi. Wa zai rina tufafi, wa zai ɗinka riga, wa zai yi sirdi da linzami, wa zai yanka nama ya yi kilishi, wa zai yi aski? Wa zai kawo turkuɗi da baƙin rawani daga Kano, da kanwa da gishiri daga Borno? Hausawa da Barebari ne suka cike wannan gurbi, sarakunan kuma su suka yi maraba da su, suka ba su unguwanni. Unguwar Kolere da ke garin nan sunanta ma yana nuna mazaunin Barebari ne. Shekara huɗu bayan rasuwar Modibbo, a watan Yuni na 1851, wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya bi ta Uba ya sauka a Mubi, ya wuce ta Sorau da Belel, ya ƙetare Binuwai a mahaɗarta da Faro, ya shiga Yola. A Sorau ya tarar da gari biyu gab da juna, ɗaya na Fulani ɗaya na mutanen Borno. Yola kuwa, shekararta goma kacal, ya ƙiyasta mutanenta sun kai 12,000. Ya lura ba a ciniki da wuri kamar Kano, da ƙyallen saƙi ake saye da sayarwa, wanda ake kira leppi. Kwana kaɗan ya yi Lamido Lawal ya sallame shi, don ya zo tare da manzannin Borno alhali ana takun-saƙa kan iyaka. Hanyar da ya bi ta fatake ce, ya tarar da ita a buɗe. Daga Yola fataken Hausa suka zarce Ngaundere, Tibati da Banyo neman hauren giwa, daga baya goro, jikokinsu ne ke unguwannin Hausawa na Yawunde da Duwala yau.

Saboda haka in yaro ya sake tambaya, a gaya masa Bahaushe ya fi shekara ɗari da hamsin yana bin hanyoyin ƙasar nan. A kuma gaya masa cewa ya tarar da Bafulatani, Bafulatanin ma ya tarar da mutanen Gude da Fali.

Akwai sauran magana, kuma ba za mu tsallake ta ba don muna cikin masallaci. Haure da goro ba su kaɗai fatake ke fitarwa daga Fombina ba. Babbar hajar ƙasar nan a wancan ƙarni mutane ce. Ana kai hari ƙauyuka a kamo maza da mata da yara. Wasu a zuba su a ƙauyukan noma da ake kira rumde, abin da mu muke ce wa rinji, sunan kuma yana nan a kan wata unguwa a Jimeta. Wasu a aika da su Sakkwato cikin gaisuwar shekara. Wasu a sayar, masu sayen kuwa da yawansu Hausawa ne da Barebari, su kora su a ƙasa har Kano da Kukawa. Barth ya rubuta cewa a Adamawa akwai mutane da yawa da kowannensu ke da bayi fiye da dubu. Ana ruwaito cewa Shehu ya gargaɗi Adama tun farko kada a yaƙi Bata da Verre don a bautar da su, a kira su zuwa ga addini. Ko ma yaya wasiyyar ta kasance, abin da ya faru a ƙasa ya saɓa mata. Wanda ya musulunta ba a bautar da shi, don haka masu neman bayi ba su da wata riba a musuluntar mutanen dutse, da yawa kuma ba su damu su kira su ba. A nan yankinmu abin bai tsaya da wuri ba. An kai hare-hare a shekarun 1890 zamanin Lamido Zubairu, Hamman Yaji na Madagali kuwa ya bar littafin da aka rubuta masa hare-harensa ɗaya bayan ɗaya tun daga 1912, sai a 1927 aka tuɓe shi. Wannan ba zamanin da can ba ne. Akwai tsofaffi a ƙauyukan nan da kakanninsu suka ba su labarin da bakinsu.

Shi ya sa in maƙwabcinka na kasuwa ya ji sunan Modibbo Adama bai ce Allah Ya jiƙansa da irin zafin da kai ka ce ba, kada ka yi mamaki, kada kuma ka yi fushi. Kai ka gaji labarin malami mai tuta, shi ya gaji labarin dawaki da asuba. Mu kuma da muka ga ƙarshen watan Oktoba na 2014, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan muka bar shaguna a buɗe muka fita da abin da ke jikinmu, mun san inda muka nufa. Duwatsun nan muka hau. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda sun kwana a ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba, an ba su ruwa da tuwo, an nuna musu hanyar Kamaru, ba a tambaye su addininsu ko garin ubansu ba. Jikokin waɗanda suka hau dutse don gudun dawaki su ne suka buɗe mana ƙofa. Wanda ya jefi ɗan'uwanmu da kalmar baƙo ya yi kuskure, an kuma gaya masa. Amma mu ma akwai kalmomin da ke fita daga bakinmu a kan mutanen ƙauye in sun zo sayayya ranar kasuwa, kowa ya san su, ba sai mun rubuta ba, yaranmu kuma suna ji suna ɗauka.

Shi Modibbo a karan kansa, abin da aka riƙe game da shi a Yola shi ne mutum ne mai sauƙin rayuwa, mai karantarwa, wanda bai tara abin duniya ba duk da dukiyar da ke ratsawa ta hannunsa. Shekara shida kawai ya yi a garin da ya sara. Ya rasu a 1847, aka binne shi a Yola. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan waɗanda aka zalunta a zamaninsa da bayansa.

'Ya'yansa huɗu ne suka gaje shi bi da bi, abin da ba kasafai ake gani ba. Lawal ya yi daga 1847 zuwa 1872, shi ya ƙarfafa Yola ya jawo malamai. Sanda ya biyo har 1890. Sai Zubairu, wanda Turawa suka tarar. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka hau Binuwai da jirgin ruwa suka ci Yola da igwa. Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita ya yi karo da Jamusawa a Garwa da Marwa, aka kashe shi a 1903 yana gudun hijira. Ingilishi suka naɗa ƙaninsa Bobbo Ahmadu, shi ma suka tuɓe shi a 1909. Turawa sun riga sun raba ƙasar a kan takarda tun kafin su ci ta: Yola ta faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasar Modibbo ta faɗa hannun Jamus. Mubi tana ɓangaren Jamus, sun shigo ta a 1903. Bayan yaƙin duniya na farko aka danƙa wannan yanki amana a hannun Ingila, ragowar kuma a hannun Faransa. Sai a ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu 1961 mutanen yankin nan suka zaɓi Nijeriya, aka yi Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Akwai dattawa a sahun gaba na masallacin nan da suka ga ranar da idonsu, kuma an haife su ne lokacin da Mubi ba ta cikin Nijeriya.

Sunan Adama yana kan jiharmu tun 1991 da aka raba Gongola, yana kan wani babban yanki na Kamaru mai hedikwata a Ngaundere, yana kan jami'ar tarayya da ke Yola. Hubbarensa yana cikin garin Yola. Masu zuwa Jimeta saro kaya, in an gama lodi da wuri, tafiyar ba ta da nisa, a ɗauki yaro ɗaya ko biyu a je da su su gani. Darasin zakka zai ci gaba Juma'a mai zuwa in Allah Ya kai mu.